Shago Mai Lamba Sha Bakwai

A Peckham, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa,
inda bango ke karkarwa duk bayan minti bakwai,
na shekara ashirin da biyu ina auna kuka
da ƙaramin mudun da Inna Kande ta cusa min a jaka
ranar da na bar Funtuwa.

Damana Shafiƙ ne, mutumin Silet,
busasshen kifinsa na gaishe ka tun daga bakin titi.
Haguna Delroy, da doyarsa da barkonon Jamaika
mai sa ƙato hawaye.
Can ƙurya Afuwa 'yar Kumasi na yage atamfa,
ƙarar yadin kamar tsaki.
Ba mai jin yaren wani sosai,
amma in ruwa ya tsuge, laima ɗaya muke shiga,
kuma kowa ya san bashin kowa.

Sai aka ce unguwa ta bunƙasa.

Na ga bunƙasar da idona.
Ta zo da benaye na gilashi,
da kofi na fam huɗu a kofin takarda,
da samari masu gemu a kan keke,
sannan ta zo da wasiƙa ta ƙarƙashin ƙofa:
haya ta ninka uku.

Shafiƙ ya fara tafiya.
Ya bar min sikelinsa, ya ce Luton ba nisa,
tun ranar ban sake jin muryarsa ba.
Gurbin Delroy yanzu furanni ake sayarwa,
furannin da ba a miya da su.

A babban kantin tsallaken titi
na tarar da kayana sun riga ni shiga.
Ga zoɓo a dogon kwalba, an ba shi sabon suna,
ga kuka a jakar zinariya, wai maganin tsufa,
cokali goma kuɗin buhu.
Har daddawa na gani, an cire mata wari
don kada ta firgita mai saye.
Na buɗe, na sunsuna, na sake sunsunawa.
Kamar ka je gidanku ka yi sallama
wani baƙo ya amsa.

Na dawo da niyyar tsinuwa,
sai waya ta yi ƙara.
Tabawa ce, ƙanwata, daga Maigatari,
muryarta har rawa take:
"Yaya, kamfani ya saye zoɓon bana kaf!
Na yi rufin kwano, na biya wa Iro makaranta."
Na ce madalla, Allah ya ƙara.
Kuma har zuciya na faɗa.
To wa zan tsine wa?
Hannun da ya rufa mata ɗaki
shi ke ɗage min nawa rufin.

Jikata Nusaiba, haihuwar nan,
mai Hausa kamar tana taka ƙaya,
ta ce, "Kaka, mu mai da shagon cikin waya,
can ba mai karɓar haya."
Tana ɗaukar hoto, tana tambaya,
me za mu kira wannan da Turanci, wannan fa?
Na ce rubuta daddawa.
Ta ce ba za su gane ba.
Na ce ni ma da na zo ban gane komai ba,
na koya.
Wanda ke son miyar, ya koyi sunanta.

Jibi zan miƙa makulli.
Afuwa ta ce za ta jure zuwa hunturu, mu gani.
Na share kanta, na naɗe tabarmar salla,
mudun Inna Kande na sa shi a aljihun kwat,
ya yi min tudu a ƙirji.

Jirgin bakwai da kwata ya wuce,
bango ya karkaɗa kamar kullum.
Garin kuka kaɗan ya zubo daga saman katako,
ya sauka a takalmina.
Ban kakkaɓe ba.